Hannun Hagun Nu'uman

Faɗan da na yi da Nu'uman a kan yaji muka yi shi, ranar bikin 'yar Alhaji Sulemana, kuma har gobe idan an tambaye ni zan ce rabin laifin nasa ne. Ɗaya rabin shi ya sa na zaunar da matarsa Raliya da biro da takarda, na ce ta rubuta abin da zan faɗa, tunda ni ban taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba. Ni ce Mma Ajaratu mai koko, duk wanda ya taɓa karya kumallo a bakin masallacin Zongo ya san ludayina. Nu'uman ɗan ƙanena ne, a hannuna ya tashi. Allah ya jiƙansa.

Ranar bikin ni aka ba dakan yaji. Barkono mudu biyu, ga citta, ga kanumfari, ga ƙuli-ƙuli, na daka na tankaɗe na baza a faranti uku a tsakar gida don ya sha iska kafin a gasa nama. Gida ya cika da mata, kowace ta kafa ɗaurin ɗankwali kamar za ta tashi sama. Sai ga wannan ɗan jirgin nasa da suke kira diron, mai fukafukai huɗu, mai kuka irin na zuma idan an taɓa amya. Da shi yake ɗaukar hoton biki daga sama. Amarya ta fito, ƙawaye suka rangaɗa guɗa, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa da rimot a hannu, ya sauko da abin ƙasa-ƙasa don ya ɗauki fuskarta. Iskar fukafukan ta dira a kan farantaina.

Kada Allah ya nuna muku. Yaji ya tashi ja wur ya rufe tsakar gidan. Mata arba'in suna atishawa a lokaci guda, uwar amarya tana zubar da hawayen da ba na rabuwa da 'ya ba, Alhaji Sulemana da ya leƙo don ya sa albarka ya juya da baya yana laluben buta.

Na ce, "Kai Nu'uman! Sauke wannan ƙwaron naka kafin in sauke maka shi da muciya!"

Ya ce, "Mma, ki yi haƙuri. Ai na aiko a ce a rufe komai kafin amarya ta fito."

"Wa ka aiko? Iska? To ta iso, ta kuma isar da saƙo."

Mata suka fashe da dariya cikin tari. Shi ma ya murmusa, wannan murmushin kuwa shi ya cuce mu. Ya ce, "Haba Mma, yaji ne fa, ba zinariya ba. Zan sayo miki wani a kasuwar Assigamé."

Tun hantsi nake daka, kafaɗuna suna min zugi, yaron da na goya ya ce zai sayo min na kasuwa. Na dubi hannuwansa a kan rimot, na ga yadda babban yatsan hagu yake ta lallaɓa abin, na dama kuwa yana kwance kamar baƙo. Sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Dama me za a samu a wurin bahago? Shekara ashirin ina gyara, ashe wanki nake a ruwan kwata. Bahago tun daga ciki, bahago har kabari!"

Tarin ma sai ya tsaya. Nu'uman ya sauke ɗan jirgin a hankali a gaban ƙafarsa, ya sunkuya ya ɗauke shi da hannun dama. Ya ƙarasa aikin bikin har aka kai amarya, amma bai ci naman ba.

Sai an san mafarin hannun nan kafin a san nauyin abin da na faɗa.

A unguwar Bè-Kpota aka haife shi, inda ubansa, ƙanena Garuba, yake sayar da tsofaffin tayoyi. Gidan da suke haya yana daidai ƙarƙashin hanyar jiragen da ke sauka a filin jirgi, idan babba ya wuce sai kwanukan da ke kan kanta su yi ta rawa. Uwarsa Meimuna ta ce kafin yaron ya iya cewa Baba ya iya nuna sama da yatsa. Da na hagu yake nunawa, ita kuma ba ta ɗauki abin komai ba. Yana da shekara huɗu Meimuna ta rasu, Garuba ya bi manyan motoci zuwa arewa, aka ɗauko yaron da kayansa a leda ɗaya aka kawo Zongo.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗaki goma sha ɗaya. Ga Zabarmawa, ga Kotokoli, ga Yarbawa, ga mu, yaran gida kuma akushi ɗaya suke ci. Ranar farko aka ajiye tuwo, yara suka kewaye, Nu'uman ya zura hagu har wuyan hannu a cikin miya. Matar Bazabarmen da ke ɗakin ƙarshe ta janye 'ya'yanta biyu. Hannun da ake tsarki da shi, a cikin abincin mutane. A ranar na yage bakin tsohon zane na ɗaure hannun a ƙugunsa. Da ya ƙara wayo aka daina ɗauri, sai dai da an ajiye abinci in ce, "Zauna a kai." Sai ya tura hannun ƙarƙashin cinyarsa ya danne, ya ci da dama, rabi a baki rabi a riga. Malamin allo ya taimaka da tsumagiya, malamin lakwal ya taimaka da rula. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka kowa ya ce, haka ni ma na ce.

Yana shekara bakwai ya iya ci da dama, gaisuwa da dama, karɓar saƙo da dama, hagu yana tallafe da gwiwar hannu yadda ɗan mutunci ke yi. Rubutunsa dai kamar kaza ta bi ta kan toka, amma da dama ne. Mutanen gida suka ce Ajaratu ta iya riƙon yaro.

Shi kuwa hannun bai mutu ba, ɓuya ya koya. A bayan madafa Nu'uman yake zama ya juya wa gida baya, ya yanka gwangwanin madara ya yi mota, ya lanƙwasa waya ya yi jirgi mai farfela da robar silifas, idan iska ta kaɗa sai ta juya. Idan na ba shi allura ya zura min zare, sai ya juya ya fuskanci bango, kafin in ƙifta ido ya miƙo. Na ɗauka haske yake nema. Rediyon Bazabarme da ta shekara ba ta magana, ya shiga da ita bayan madafa ya fito tana karanta labarai.

Karatun lakwal bai yi nisa ba, don duk jarrabawa lokaci yakan ƙare masa yana tsakiyar rubutu. Faransanci dai ya zauna a bakinsa daram. Da ya bari sai ya shiga koyon gyaran waya a wani shago kusa da Assigamé, ya zaɓi teburin ƙurya inda zai ba ƙofa baya. Shekara tara yana nan. Masu waya suna cewa yaron yana da hannu, ba su san wanne ba.

A shagon nan wani mai ɗaukar hoto ya kawo diron da ya faɗa kan kwanon gida ya karye. Maigidan shago ya juya shi ya ce wannan sai dai a zubar. Nu'uman ya roƙa aka bar masa. Mako uku yana fama da shi, ran nan da la'asar ya kai shi filin ƙwallon bayan makaranta, abin ya tashi.

Rimot ɗin yana da 'yan sanduna biyu, kowane gajere kamar guntun tsinken tsire, babban yatsa ɗaya a kan kowanne. Yadda masu ƙera shi suka tsara, yatsan dama ke tuƙi, gaba da baya da gefe, na hagu kuma ɗagawa da saukewa da juya fuska. Nu'uman ya shiga cikin abin ya musanya musu aiki, tuƙi ya koma hagu. Wanda ya gan shi zai ga mutum riƙe da rimot da hannu biyu kamar kowa. Tunda aka haife shi, wannan ne aikin farko da hagunsa ya yi a bainar jama'a babu mai harararsa. Ni kaɗai na gane, don ni na san hannun.

Cikin shekara biyu sunansa ya zaga. Biki a Zongo, suna a Agbalépédo, walimar alhazai, har masu gini suna kiransa ya duba musu rufin bene. Yakan ratsa da ɗan jirgin tsakanin wayoyin lantarki biyu, ya shiga ta ƙarƙashin rumfa ya fita ta ɗaya gefen bai taɓa hular kowa ba. Da abin ya auri Raliya, da shi ya sayi babur. Wata rana ya nuna min Zongo daga sama a gilashin wayarsa, na ga kwanon gidanmu da tsatsarsa, na ga tukunyar kokona kamar ƙwayar gero. Na ce masa an ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma masu maganar ba su san za a yi wannan ƙwaron ba.

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Mma, ni ina ƙasa, idona yana sama. So nake wata rana mu haɗu."

Bai taɓa shiga jirgi ba. Yana da shekara talatin da ɗaya, amma ko yana tsakiyar magana da surukinsa, idan jirgi ya wuce sai ya ɗaga kai.

Alhaji Sulemana, wanda na zuba wa yaji a ido, shekara talatin ya yi yana gyaran jirage kafin ya yi ritaya. A shekarar bikin nan wani kamfani ya zo da aikin duba bakin teku, don ruwa yana ta cin ƙasa daga gabashin gari har wajen Aného, gidaje suna faɗawa. Suna da ƙaramin jirgi mai kujera biyu. Mutum zai zauna kusa da matuƙi, ya saki diron uku daga cikin jirgin ya bi da su, idan matuƙi ya ce riƙe min, ya riƙe jirgin ma. Mutum huɗu suke so, za su koya musu shekara guda, har da tuƙin jirgin kansa. Suka ɗauki Alhaji ya haɗa musu wurin gwaji, shi kuma tun kafin bikin 'yarsa ya rubuta sunan Nu'uman da hannunsa. Kwana tara bayan faɗanmu aka yi gwajin. Ni ban ma san da zancen ba. Abin da zan faɗa yanzu daga bakin Alhaji na ji shi, shi kuwa yana tsaye a wurin.

Kwantena ce aka ajiye a wani fili, aka gyara cikinta kamar mazaunin matuƙin jirgi. Kujera mai ɗamara, sanyi kamar cikin firji, gilasai a gaba suna nuna teku da sama kai ka ce da gaske ne. A gefen kujera akwai sandar tuƙi, a ɗaya gefen akwai allon gilashi da ake taɓawa da yatsa. Hanya uku ake ba 'yan jiragen umarni: ko ka faɗa da baki na'ura ta ji, ko ka taɓa allon, ko ka murza wani ɗan maɓalli da ke kan sandar, daidai ƙarƙashin babban yatsa. Sandar kusoshi huɗu ne suka riƙe ta. Ana iya kwance ta a mai da ita hagu, allon ya koma dama. Saboda haka ma Alhaji yake tsaye da sifana a hannu.

Mutum ashirin da biyu suka zo. Da aka kira Nu'uman ya shiga ya zauna, ya shafa ɗamarar kujerar, ya dubi gilasan nan ya daɗe bai ƙifta ba. Wata mata ce ke gwajin, Madam suke ce mata, tana riƙe da takarda. Ta tambaye shi suna da shekaru, sannan ta tambaye shi da Faransanci, kamar mai tambayar ko ya karya kumallo, da wane hannu yake aiki.

Nu'uman ya saci kallon Alhaji. Dattijo ne mai furfura, a gidansa aka yi abin, da kunnensa ya ji. Nu'uman ya ce wa Madam, da dama.

Alhaji ya matso ya rage murya ya ce da Hausa, "Ɗana, kusoshi huɗu ne fa. Minti goma na gama."

"Alhaji, ai ni da dama nake komai."

"Ka tabbata?"

"Tun ina yaro, Alhaji."

Alhaji ya ce kalmar ta zo masa har bakin leɓe. Amma ya za a yi ya dubi magidanci, mai mata, ya maimaita masa abin da aka zage shi da shi a tsakar gidansa? Sai ya sa sifana a aljihu ya koma jikin bango. Yaro ya ji kunyar babba, babba ya ji kunyar yaro, sanda ta zauna a dama.

Aka fara da baki. Nu'uman ya riƙe jirgi daidai, yana kiran 'yan jiragen da lamba, na ɗaya yi gabas, na biyu sauka, na uku tsaya, na'ura tana ji suna bi. Madam ta yi rubutu. Aka koma allo. Da yake sandar tana dama, allon sai ya faɗo a hagu, Alhaji ya ce bai taɓa ganin yatsu irin na ranar ba. Kamar mai kaɗa kalangu. Jirage uku suna bin bakin teku a jere, ya raba su, ya haɗa su, ya zagaya da ɗaya bayan jirgin ruwa ya dawo da shi. Madam ta daina rubutu ta tsaya kallo, har ta kira wani abokin aikinta ya leƙo.

Sai na uku, wanda ya fi duka maki. Madam ta yi masa bayanin dalili: a jirgin gaske ƙarar inji takan haɗiye murya, girgiza kuma takan zame da yatsa daga kan gilashi, abin da ba ya cin amanar mutum shi ne maɓallin da ke ƙarƙashin yatsansa. Aka kashe allon. Za a saukar da 'yan jiragen uku ɗaya bayan ɗaya a kan wani ɗan fili a bayan jirgin ruwa, kuma kada babban jirgi ya karkata. Duka da hannu ɗaya, wanda ke kan sanda.

Yatsan daman Nu'uman ya iya gaisuwa, ya iya loma, amma bai iya lallashi ba. Idan ana son ya matsa kamar ƙwayar shinkafa sai ya matsa kamar goro. Na farko ya wuce filin ya dawo, ya sake wucewa, ya faɗa ruwa. Gumi ya keto masa cikin sanyin nan. Alhaji ya ce a nan ya ga hannun hagu ya tashi daga kan gwiwa da kansa, ya ratsa ƙirji yana neman sandar. Saura kaɗan ya kai. Sai Nu'uman ya hango inuwar farar hular Alhaji a jikin gilashi. Ya janye hannun, ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa, ya zauna a kai.

Na biyu ya sauka a gefen fili da ƙafa ɗaya a waje. Na uku ya bi na farko. Babban jirgin ya karkata, wata ƙararrawa ta yi ta kuka har Madam ta miƙa hannu ta kashe.

Na shida ya zo, huɗu ake so. Alhaji ya bi shi har wurin babur ya ce, "Tsaya in roƙi Madam. A juya sandar a sake maka, ta ga abin da ka yi a allo."

Nu'uman ya ce, "A ce mata me, Alhaji? A ce na yi mata ƙarya, ko a ce ni..." Bai ƙarasa ba. Ya durƙusa ya yi godiya, ya hau babur.

Daga can Assigamé ya wuce. Da yamma ina tankaɗen gero ya shigo ya ajiye leda a gabana da hannu biyu, ya ce, "Mma, ga yajinki." Na buɗe na lasa na ce gishiri ya yi yawa, masu dakan kasuwa ba su da tsoron Allah. Ya ce haka ne. Ya tashi ya tafi.

Shekara biyu ya ci gaba da bukukuwa. Aikinsa bai lalace ba, hoto yana fita yadda ya saba. Sai dai Raliya ta ce wasa da wayoyin lantarki ya ƙare, yakan ɗaga abin ya ɗauka ya sauke, kamar mai auna hatsi. Ƙaramin farin jirgin kamfanin nan yakan bi bakin teku da hantsi, wani lokaci ya karkato ta saman gari. Idan ya ji shi sai ya sunkuya ya shiga gyaran igiyar takalmi. Ni na lura ya daina ɗaga kai, har na ce a raina yaro ya girma.

Wata safiya Alhaji Sulemana ya fito daga masallaci ya zauna a bencina, ya sa aka zuba masa koko ba sukari. Ya jira layi ya ragu, sannan ya ba ni labarin nan tun daga kwantena har babur. Ya ce abin ya daɗe yana cin sa.

Na ce, "To ni na ce ya yi ƙarya? Kai da ke riƙe da sifana, uban me ya hana ka kwance kusoshin?"

Ya ce, "Kunya, Mma Ajaratu. Na ji abin da kika kira shi a gidana. Ban so in zama na biyu ba."

Da Alhaji ya ce Nu'uman ya zauna a kan hannun, ban ga magidanci a kujerar jirgi ba. Yaro na gani ɗan shekara biyar a gaban akushi, miya tana bin haɓarsa, yana kallona ya ga ko ya yi daidai.

Ranar ƙosai ya ƙone min kasko biyu. Da azahar na tare liman a ƙofar gidansa na ce, Malam, wanda ya tuƙa abu da hagu ya yi zunubi? Ya ce ci da sha da gaisuwa an so a yi da dama, amma sana'a, hannu biyun duka Allah ne ya ba bawa. Amsar ba ta kai tsawon hamma ba. Shekara kusan talatin ina zaune taku arba'in daga ƙofar mutumin nan, ban taɓa tambaya ba, don ban taɓa zaton akwai abin tambaya ba. Ban ce na yi kuskure da na koya masa ci da dama ba, ko yau aka kawo min yaro zan koya masa. Amma ni ban tsaya a akushi ba. Na sa ya ɗauka hannun kansa abin kunya ne, sannan da ya samo masa wurin ɓuya na bi shi har can na tona a gaban mata arba'in.

Na so in yi masa magana. Sau uku ina aikawa a kira shi, idan ya zo ya durƙusa sai in ce kwanon ɗakina yana yoyo, ko wayata ba ta ƙara. A Zongo uwa ba ta ba ɗan da ta goya haƙuri, ba mu gada ba, ban san ta inda ake farawa ba. Shi kuma ya gyara abin da na ce ya tafi.

Da damina ta kusa ya samu aiki a arewa, wajen Mango, feshin gonakin shinkafa da wani babban diron mai tanki. Ya ce bukukuwa sun ishe shi. Wata bakwai ya yi a can. Zazzaɓi ya kama shi ranar Talata, ya ce gajiya ce, kafin Asabar an yi masa sutura. A can aka binne shi. Abokan aikinsa suka aiko wa Raliya da jakarsa, rimot ɗinsa na farko yana ciki, robar sandar hagu ta cinye har ƙarfe ya fito, ta dama kuwa kamar jiya aka saya.

Rabuwarmu a tashar Agbalépédo ce, da safe, ranar da zai tafi. Na bar koko a hannun maƙwabciya na hau zemijan, ni da na rantse ba zan ƙara hawa babur ba. Na same shi an riga an ɗaure kaya a saman mota, Raliya tana gefe tana share ido. Ya ce, "Mma, ke da kanki? Wa ya mutu?"

Na ce, "Bakinka. Abincin mutanen can ba shi da ɗanɗano, na ji labari."

Na kwance bakin zanena na fito da gwangwanin yaji, dakan hannuna, na kwana biyu ina yi. Ya gane ko mene ne, ya yi 'yar dariya. Ya rusuna ya miƙo dama, hagu yana tallafe da gwiwar hannu, yadda na koya masa. Ga direba, ga fasinjoji, ga wasu dattawa biyu a kan benci suna kallo. Na riƙe gwangwanin ban saki ba.

Ya ce, "Mma?"

Na ce, "Ba wannan ba."

Ya dube ni, ya dubi dattawan, ya sake dubana. Direba ya danna oda. A hankali hannun ya saki gwiwar ya fito, ya buɗe a gabana. Na ɗora gwangwanin a ciki, na naɗe yatsun a kai ɗaya bayan ɗaya, na riƙe da nawa biyun.

Na ce, "Wannan ne naka. Idan wani ya sake tambayarka, ka faɗa masa da ƙarfi, ka ce Ajaratu ce ta ce. Shiga mota, kada su tafi su bar ka."